Ƙanwata ta samu Jami'ar Ngaundere: ɗaki a Dang ko gidan Goggo a cikin gari?

Hamma Sani, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara na zo nema, musamman wurin waɗanda suka yi zaman Dang, inda jami'ar take. Ƙanwata ta ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, bana, kuma cikin ikon Allah sunanta ya fito a konkur, wato jarrabawar shiga, ta makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundere. Murna dai mun yi, amma yanzu gida ya rabu biyu kan masauki. Baba ya ce babu zancen haya, ta sauka wurin ƙanwarsa, Goggonmu, da ke aure a Tongo cikin gari. Inna ta yi shiru, amma na san hankalinta bai kwanta ba. Ita kuwa yarinyar so take a kama mata ɗaki kusa da makaranta. Ni zan biya, ni kuma za a tambaya in wani abu ya faru. Ban taɓa zama a Ngaundere ba, wucewa kawai nake yi in zan hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Ga Oktoba ta matso. Me kuka gani?

Malam Ɗanjuma, Garwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa wa karatun albarka. Sani, wannan ai ba abin kawowa shawara ba ne. Mahaifinku ya riga ya yanke, kuma ya yanke daidai. Yarinya budurwa da ba ta taɓa kwana a wajen gida ba, ga gidan 'yar uwar ubanta a garin, sai a ɗauke ta a kai ta cikin ɗakunan haya inda ba mai ce mata ina za ki, daga ina kike? Ilimi muna so, amma tarbiyya ce gaba.

Adda Rabi, Yawunde:
Baba Malam, a yi mini afuwa, ba musu nake da ku ba, abin da na gani da idona zan faɗa. Ni ma da wannan hujjar aka sauke ni a gidan dangi a cikin gari shekarata ta farko, kuma mutanen kirki ne, ba su taɓa nuna mini bare ba.

Abin da mutanen Garwa da Marwa ba su cika lura da shi ba shi ne, jami'ar sunanta kawai ke Ngaundere, amma ita tana Dang, kimanin kilomita 15 daga gari a kan hanyar Garwa. Hamma Sani, duk lokacin da ka shigo da motar safa ta gabanta kake wucewa kafin ka iso gari. Darasin farko da ƙarfe bakwai da rabi ake shiga. Kafin yarinya ta yi sallar asuba, ta yi shara da wanke-wanke, don ba za ta iya tsallake aikin gidan da take cin tuwonsa ba, ta hau babur zuwa inda taksin Dang ke lodi, ta tarar da layin ɗalibai irinta, malami ya riga ya yi nisa. Mu 'yan fakilte, wato manyan sassan jami'a, da ake tara mu a babban zauren karatu na Amfi 750, wanda ya makara baya yake zama, ba ya jin malami, ba ya ganin allo. Ita ƙanwarka a makarantarsu ba su kai mu yawa ba, amma nasu ya fi tsanani ta wani gefen, saboda aikin ɗakin gwaji da na fita wurin dabbobi ba a kwafarsa daga littafin ƙawa. In ba ki je ba, ya wuce ki.

Sannan dawowa. Wani darasin sai an kira magariba ake tashi. Wannan hanyar ita ce manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa suke bi zuwa arewa da Cadi. Yarinya ita kaɗai a bakin titi da duhu tana jiran taksi, in ta sauka a gari kuma ta nemi mai babur da ba ta sani ba. Don Allah Baba Malam, wanne ya fi tsaro: wannan kullum, ko ta taka da ƙafa tare da ƙawayenta ta shiga ɗakinta ta kulle ƙofa? Ni zangon farko darussa da dama sai da na sake zama jarrabawarsu. Da na koma Dang ban ƙara maimaita komai ba.

Malam Ɗanjuma, Garwa:
Rabi 'yata, na ji ki. Amma ke Allah ya tsare ki. Nawa ne suka tafi da hijabi suka dawo iyayensu ba su gane su ba? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Adda Rabi, Yawunde:
Gaskiya ne Baba, akwai su, ba zan ɓoye ba. Amma na san wasu da suka lalace suna kwana a gidan kawunsu, domin daga safe zuwa dare ba wanda ya san inda suke, kuma kullum suna da hujjar cewa ba a samu mota ba. Shi ya sa na ce a zaɓa mata maƙwabta da abokiyar ɗaki da kyau, nan ne maganar take.

Hajiya Maman Ummi, Ngaundere:
Bari in yi magana a madadin Goggo, tunda ni ma Goggon wasu ce. 'Ya'yan 'yan uwa da dama sun zauna a gidana suna karatu. Ba za mu taɓa cewa a'a ba, kunya da zumunci ba za su bari ba. Amma in faɗa muku gaskiya, nauyi ne. Yarinya ta yi dare, hankalinka ya tashi, ka kira waya ba ta shiga. Ka yi mata faɗa a ce ka takura wa 'yar wani, ka yi shiru a ce ka sake ta. Lokacin jarrabawa tana son wurin da ba hayaniya, gida kuwa ga yara, ga baƙi, ga biki, ga suna. Ka aike ta kasuwa ka ji ba daɗi, ka bar ta zaune 'ya'yanka su ce ana nuna bambanci. Sani, kafin ku yanke, ka tambayi Goggonku ku biyu kawai, ba a gaban Babanku ba. Wataƙila abin da za ta faɗa maka ya bambanta da wanda ta faɗa wa yayanta.

Abakar, Injamena:
Salam ga kowa. Mu 'yan Cadi ba mu da Goggo a Ngaundere, kuma ga mu da yawa a Dang, wasu ta Kusiri suke zuwa, wasu ta Mundu da Tuboro. Abu ɗaya zan gargaɗe ka a kai Hamma: kada ka tura wa kowa kuɗin ɗaki ta waya kafin ka tsaya a cikin ɗakin da ƙafarka. A wannan lokacin ne masu damfara ke yawo da hotunan ɗakuna masu kyau, su ce saura ɗaya, turo rabi in riƙe maka. Wani ɗan unguwarmu haka ya tura, ya iso da akwatinsa ya tarar da wani a ciki, shi kuma wanda ya karɓi kuɗin ya kashe layi. Kuɗi a hannun mai gida ko wakilinsa da kowa ya sani, a gaban shaida, da risit mai sa hannu.

Hamma Sani, Garwa:
Na gode ƙwarai. To ɗakunan da jami'a ke bayarwa da kanta fa? Na ji an ce sun fi araha, kuma ina ganin Baba zai fi yarda da su tunda a cikin makaranta suke.

Nura, Dang:
Hamma, ni yanzu haka ina nan, shekarata ta uku ke nan. Ɗakunan jami'a sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma ga su a cikin makaranta, ba kuɗin mota. Matsalar ita ce ba su da yawa. An mai da wurin cikakkiyar jami'a tun 1993, ɗalibai suka yi ta ƙaruwa, ɗakunan ba su bi su ba. Ko da aka buɗe ta Marwa a 2008 da taku ta Garwa a 2022, Dang ba ta daina cika ba. Ta kai takardun neman ɗaki ofishin da ke kula da walwalar ɗalibai, ba laifi, amma kada ku zauna jiran sunaye su fito. Wanda ya jira ya rasa, zai fito ya tarar ɗakunan kirki na waje duk an kama. Ku 'yan konkur dama kun riga kun makara, don tsofaffin ɗalibai tun kafin su tafi hutu suke biyan na baɗi.

Yawancinmu a mini-site muke, wato gidajen haya da 'yan kasuwa suka gina ɗaki-ɗaki a Dang da Bini da Malang. Akwai mai banɗaki a ciki, akwai wanda ake haɗa banɗaki a waje, kuma farashi ya danganta da wannan da kusancin ƙofar makaranta. Galibi kuɗin shekara ake nema gaba ɗaya, wani mai gidan ya yarda a raba biyu.

In ka zo dubawa, kada fenti ya ruɗe ka, kowane mai gida yana shafa sabo a Satumba. Tambayar farko ita ce ruwa. Yanzu damina ce, kowace rijiya cike take, kowa zai nuna maka ruwa har baki. Ka tambaya yaya take a Fabrairu da Maris. Kuma ba mai gida za ka tambaya ba, ka ƙwanƙwasa ƙofar ɗalibin da ya shekara a gidan. Akwai gidajen da in rani ya yi, yara ke yawo da jarka da asuba suna neman ruwa kafin su tafi aji. In rijiyar burtsatse ce mai injin, ka tambaya in an ɗauke wuta akwai tanki ko babu. Ka kuma dubi tazarar rijiya da ramin masai. In suna kusa, ka fita ko ɗakin kyauta ne.

Amma damina tana da nata amfanin. Ruwan sama a nan sai Oktoba yake ɗaukewa, don haka yanzu ne rufi ba ya iya ƙarya. Ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo, ka shafa ƙasan bango ka ji ko da danshi, ka shaƙi ɗakin. Ɗaki mai danshi littattafai da katifa duk fumfuna suke yi, mai shi kuma ba ya rabuwa da mura. Ka dubi hanyar da za ta bi zuwa titi, wasu lungunan jan taɓo ne har idon sawu.

Sai wuta. Ka tambaya kowane ɗaki da mitarsa, ko mita ɗaya ce ake raba kuɗi. In ɗaya ce, rigima ba ta ƙarewa, mai ƙwai ɗaya da caja ya biya daidai da mai dafa wake da rishon lantarki.

Fadi, Marwa:
Nura ka gama magana. Mu a Kongola, wajen Jami'ar Marwa, abin da muke dubawa daban ne, taga da inuwar bishiya, don zafin Maris da Afrilu in ɗaki ba iska ba ka iya karatu. Ashe ku can danshi ne.

Nura, Dang:
Danshi da sanyi, Adda Fadi. Ngaundere a kan tudu take, sama da mita 1,000. Ɗan Garwa da ya saba kwana a tsakar gida, Disamba da Janairu sai ya nemi bargo biyu.

Inna Asabe, ma'aikaciyar jinya:
Tunda an zo kan sanyi, ga abin da nake roƙon kowane uba ya faɗa wa ɗansa. Kada a shiga ɗaki da garwashin gawayi a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa, shi ke nan. Haka tukunyar gas, a tabbata an rufe ta kafin a kwanta, kuma ɗakin da za a yi girki a ciki dole ya kasance da taga mai buɗuwa. Ta tafi da gidan sauro mai magani, damina mai tsawo sauro ne. Ruwan rijiya kuma a tafasa ko a sa masa magani kafin a sha, domin taifot da ke kwantar da ɗalibai yawanci daga ruwa da abincin da ba a tsabtace ba take. Ranar da kuka je, ka nuna mata asibitin makaranta da idonta, ta san ƙofarsa tun tana da lafiya.

Alhaji Buba, Garwa:
Ni ɗan kasuwa ne, lissafi na sani. Kowa na cewa gidan Goggo kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Sani, ka tambayi kuɗin taksi daga gari zuwa Dang, ka haɗa da na babur daga Tongo zuwa tasha, ka ninka biyu, ka ninka kwana shida tunda har Asabar ana shiga aji, ka ninka makonnin karatu. Ka ƙara abincin rana da za ta saya kullum don ba za ta dawo gida ci ba. Ka ƙara buhun shinkafa da jarkar mai da za ka riƙa aika wa Goggo, domin ba za ka bar mata ciyarwa ita kaɗai ba. Sai ka ajiye wannan kusa da kuɗin haya in an raba biyu da abokiyar zama. Kuɗin rajista na sefa dubu 50 da ake biya a shekara shi ne ƙaramin abu a karatun nan, masauki da ci su ne karatun. Na yi wa nawa wannan lissafin, haya ta fi mini sauƙi.

Malam Ɗanjuma, Garwa:
Alhaji, ba komai ake aunawa da sefa ba. Waɗannan gidajen da Nura ya ambata, maza da mata ba a haɗe suke ba?

Nura, Dang:
Baba Malam, yawanci a haɗe suke, ba zan yi muku ƙarya ba. Kowa da ɗakinsa, amma tsakar gida ɗaya. Sai dai gida ya bambanta da gida. Akwai wanda kiɗa ba ya mutuwa har asuba, kowa ke shiga kowa ke fita. Akwai kuma mai katanga da ƙofa ɗaya da maigadi, ana rufewa da dare, mai gidan ko wakilinsa na zaune da iyalinsa a ciki, mazauna yawancinsu mata. Irin wannan ake nema mata. Hanyar gane su ɗaya ce: ka je da rana, ka sake komawa bayan isha ba tare da ka sanar ba. Abin da ka gani da dare shi ne gidan.

Adda Rabi, Yawunde:
Kuma kada ta zauna ita kaɗai a shekarar farko. Kewar gida tana kama yaro a watannin farko, kuma a lokacin ne mugun aboki ke samun shiga. A nemo mata wadda ta girme ta da shekara ɗaya ko biyu a karatu, wadda aka san iyayenta, mai sallah. Amma ko 'yar uwa ce, su yi magana tun ranar farko: wa ke sayen gas, abinci a haɗe ko kowa da tukunyarsa, baƙi su wa ke shiga, ƙarfe nawa ake kashe ƙwai. Abin da ke raba abokan ɗaki ba ya wuce waɗannan ƙananan abubuwan da kunya ta hana a faɗa da wuri. Akwai masallatai a Dang da cikin makaranta, 'yan mata musulmi kuma suna da zaman karatu nasu, ta nemi su tun makon farko.

Abakar, Injamena:
Ka sa a rubuta a takarda wata nawa kuɗin ya ƙunsa. Wani mai gidan shekararsa wata 10 ce, wani 12. In jarrabawar gyara ta ja ta har hutu, kada a ce ta fita ko ta ƙara kuɗi. Kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna shi ma a rubuta, a ɗauki hoton bango da ƙofa da famfo ranar shiga. Kwaɗo kuma ta saya nata sabo.

Malam Ɗanjuma, Garwa:
To. Na saurare ku, kuma maganar hanya da dare ta shige ni, ban san nisan ya kai haka ba. Har yanzu zuciyata ta fi kwanciya da gidan dangi, ba zan ce ta canza ba. Amma Sani, in har haya za a yi, to kada ka je wa mahaifinka da maganar kamar ka zo kayar da shi. Kuma kada a cire Goggo daga ciki, wannan zai zama cin fuska. A ba ta amanar yarinyar a gaban kowa. Ita za ta je ta ga ɗakin, ta ga abokiyar zaman, mai gida ya san fuskarta ya karɓi lambarta, ya san yarinyar nan tana da uwa a garin. Duk ƙarshen mako da ba aji ta tafi Tongo ta kwana. Azumi in ya zo, ta riƙa samun buɗa-baki a can gwargwadon hali. In Goggo ta ga abin da bai yi mata ba, maganarta ce ta ƙarshe.

Hajiya Maman Ummi, Ngaundere:
Wannan ita ce magana, Malam. Da haka aka yi mini da na fi kowa murna.

Hamma Sani, Garwa:
Jama'a ga yadda aka yi. Na kira Goggo kamar yadda Hajiya ta ce. Da farko cewa ta yi gidanta gidan yarinyar ne, ba ta son jin zancen haya. Da na ambaci hanya, sai ta yi shiru, ta ce ita ma abin da ke damunta ke nan, domin ɗan maƙwabcinsu da ke karatu a Dang ba ya shigowa sai bayan isha. Ita da kanta ta ce in bar mata Baba, za ta yi masa magana. Jiya da dare Baba ya kira ni ya ce bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai ya ga wurin da idonsa. Ranar Asabar in Allah ya yarda za mu taso da motar safe ni da shi da yarinyar, mu sauka a Dang, Goggo ta same mu a can. Takardun neman ɗakin jami'a su ma za mu kai, in an dace to, in ba a dace ba muna da na hannu. Abokiyar zama ce har yanzu ban samu ba. Adda Rabi, ko kina da wadda kika yarda da ita?

Adda Rabi, Yawunde:
Akwai 'yar ƙanwar mijina, shekararta ta biyu a sashen kimiyya, abokiyar ɗakinta ta gama bana. Bari in fara magana da uwarta, in sun amince zan haɗa ta da Goggonku su gana tukuna kafin a yi zancen kuɗi.

Nura, Dang:
Hamma, in kun iso ku ce wa direba ya sauke ku a ƙofar jami'a, kada ku bari ya wuce da ku cikin gari. Zan jira ku a can in zagaya da ku gidaje uku da na san ruwansu ba ya yankewa da rani. Ku yi shirin kwana, don Baba ya ga unguwar bayan isha. Ku zo da takalman da ba ku jin tausayinsu da rigar sanyi, ana ruwa kusan kullum da yamma.